Yadda Za Ka Yi Zaman IT a Ɗakin Bincike a Legas

Kafin ka tambayi wace cibiyar bincike ce ta fi suna a Legas, fara da tambayar inda za ka riƙa kwana. Ni haifaffiyar Agege ce, iyayena mutanen Katsina ne, aikina kuma na ɗakin gwaje-gwaje ne, ɓangaren ƙwayoyin cuta. Duk damina sai an turo mana ɗalibai masu IT, wato zaman koyon aiki da makaranta ke tura ɗalibi, a cikinsu har da ƙannenmu daga Bayero da ABU da Ɗanfodiyo da Maiduguri, wasu na wata uku, wasu na wata shida. Ƙwaƙwalwa kam suna da ita. Abin da ke kayar da yawancinsu shi ne tsarin yini: ƙarfe nawa aka fito, ƙarfe nawa aka iso, me aka ci, me aka rubuta. Ƙwayar cutar da aka shuka a faranti jiya da rana aka ajiye a ɗumin digiri 37 tana ɗaukar awa 18 zuwa 24 kafin ta tsiro, kuma da safe ake duba ta. Wanda ya iso takwas saura shi ne zai tsaya a bayan ma'aikaciya ya ga yadda ake bambance wannan tsiro da wancan. Wanda ya iso ƙarfe goma zai tarar an gama, sai wankin kwalabe ya rage masa. A yi wata uku a haka, ɗaya ya koma makaranta hannunsa ya faɗa, ɗayan kuma ba abin da ya tsira da shi sai hatimi a logbuk, littafin rubuta ayyukan da makaranta ta ba shi.

Shirin nan da muke kira IT ko SIWES hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikata a ƙasa, ita ce ta ƙirƙiro shi a 1973, don ɗalibi ya taɓa kayan aiki da hannunsa kafin a miƙa masa digiri. Makarantarka za ta ba ka takardar neman gurbi da logbuk da fom-fom, amma neman wajen a wuyanka yake. In lafiya ce fanninka, akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, a Yaba. Tushenta yana komawa shekarun 1920, lokacin da masu binciken cutar shawara na gidauniyar Rockefeller suka yi sansani a wurin, a 1977 kuma aka kafa ta a matsayin cibiyar ƙasa. Maleriya, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon hanta, duk ana aiki a kansu a can. Akwai kuma kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, tun 1962. Mai karanta kimiyyar abinci ko sinadarai ya dubi FIIRO a Oshodi, wadda aka kafa a 1956, ta kuma yi suna wajen sarrafa rogo da haɗa kamun masara da waken suya. Mai sha'awar kifi da teku, NIOMR tana Victoria Island.

Ka aika takarda wata biyu ko uku kafin lokaci, kuma kada ka dogara da imel kaɗai. Zuwa da kai ya fi aike. In ba ka gari, ka samu ɗan'uwa ya kai hannu da hannu, ya karɓo kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A cikin wasiƙar ka faɗi sashen da kake so da dalilinka, ko da layi biyu ne. Masu rubuta "duk inda aka sa ni" su ake turawa inda ba wanda ya nema. Ka tambaya tun farko ko wurin na karɓar kuɗin kayan aiki daga ɗalibi, don wasu suna karɓa. Da zarar ka fara, cikin makonnin farko ka kai fom ɗinka ofishin ITF na yankin da kake, kada ka bar shi sai ƙarshe.

Masauki da hanya

Haya a Legas ta shekara ce, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya, don haka ɗalibin wata uku ba shi da abin yi da ita. Ko dai ka sauka wurin dangi, ko ku haɗa kuɗi da abokan karatu ku raba ɗaki da wanda ya riga ya kama. Hausawa muna nan a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, Ijora da Alaba Rago, kuma da wuya a rasa wani kawu ko wata gwaggo da za ta ce zo ka zauna. To a nan ne nake so ka yi lissafi da idon basira. Kawun da ke Alaba Rago mutumin kirki ne, amma in aikinka a Yaba yake, za ka bar gida kafin a kira assalatu, ka dawo bayan isha'i, kuma kuɗin mota zai cinye abin da kake ganin ka adana. Tabarma a ɗakin samari a Idi-Araba ta fi maka gado mai katifa a wancan nisan. Ka je ka gaida Kawu ranar Asabar da 'yar tsaraba, ka yi masa bayani, zai fahimta. Ke kuma ƙanwata, na san ba ke kaɗai ke yanke wannan shawara ba. Ki nuna wa Baba taswira a waya, ki gaya masa lokacin da za ki riƙa dawowa daga kowane gida. Iyaye da yawa da sun ji "bayan isha'i" su da kansu suke nemo gidan da ya fi kusa.

Mu na Agege yanzu mun samu sauƙi. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado ya tsaya a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba kafin ya kai Oyingbo. Ka san jadawalinsa, don ba kowane lokaci yake tashi ba, kuma in ka rasa na safe ka koma hannun gosulo. Na Mile 12 kuma suna da babbar bas ta BRT, wadda tun 2008 take bin titin Ikorodu a layinta na daban. Jirgin da BRT duk da katin Cowry ake shiga. Ka saye shi a ranarka ta farko, ka riƙa zuba masa kuɗin mako guda ranar Lahadi, yadda ko aljihu ya bushe ranar Alhamis za ka isa wurin aiki.

Danfo, wato motocin nan masu launin ɗorawa, ba makawa sai ka hau. Ka riƙe canji, don kwandasta zai iya haɗa ka da wani fasinja a kan takarda ɗaya ya ce ku je ku raba. Ka tambayi kuɗi kafin ka shiga. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "O wa!" tun kafin a kai tashar, kunya ba ta sauke mutum a nan. Ka hau a tasha inda ake lodi, musamman da asuba da dare. Motar da ta tsaya maka a gefen titi da mutum uku ko huɗu a ciki, ƙyale ta ta wuce, da irinta masu ƙwacen da ake kira wan-cans suke aiki. Acaɓa kuma an hana ta tun 2022 a Ikeja, Surulere, Lagos Mainland inda Yaba take, da wasu ƙananan hukumomi. Da yawan masu tuƙa ta 'yan'uwanmu ne, za su yi maka Hausa su ce hau kawai, amma dokar ta haɗa da fasinja.

Sai ruwa. Watan Yuni da Yuli su ne tsakiyar damina a nan, yana ɗan tsagaitawa a Agusta. Ruwan Legas zai iya farawa da asuba ya wuni, tituna su cika, kuɗin mota ya ninka. Ka sayi lema da silifas na roba, ka sa takalmin aikinka da logbuk a leda a cikin jaka. Wanki ba ya bushewa a wuni ɗaya kamar a Kano, don haka farar rigar aiki biyu za ka ɗinka. Gidan sauro kuma dole ne. Ranar da ka farka ka ji ruwa a kan kwano, ka fito rabin awa kafin lokacin da ka saba, in kuma ka ga za ka makara ka aika saƙo tun kana hanya.

Cikin ɗakin

Makon farko na gaisuwa ne da kallo. Yarabawa suna ɗaukar gaisuwa da nauyi kamar mu, kuma ɗan rusunawar da aka koya maka a gida ta isa. Ka koyi "E kaaro Ma" da "E kaaro Sa" na safe, da "E se" na godiya. Ka gaida mai shara, mai gadi, mai riƙe da makullin sito, da wanda ke kula da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, wato otokilab. Farfesan da sunansa ke kan takardarka wataƙila sau ɗaya a mako za ka gan shi. Mai koya maka aiki na gaskiya ita ce ma'aikaciyar da ta shekara da shekaru a kan benci ɗaya, ko ɗalibin digiri na biyu da ke fama da nasa binciken. Ka gano ko waye, ka liƙe masa, ka ɗauke masa ƙananan ayyuka ba tare da an ce ka yi ba. Kada ka raina wankin kwalabe da cika kwalin tsinken fifet (abin ɗibar ruwa ɗan kaɗan a aune) da goge benci da sifirit mai kashi 70. Da su ake auna ka. Wanda ya san cewa kaya sai sun yi minti 15 a digiri 121 a otokilab, ya kuma duba tef ɗin da ake liƙa wa kayan ya ga ya canja launi kafin ya ce sun yi, shi za a fara miƙa wa samfurin gaske.

Ka riƙe littafi biyu. Logbuk na makaranta ne, kana cika shi a taƙaice, a sa maka hannu duk ƙarshen mako. Na biyun shi ne naka, mai kauri, wanda ake rubutawa da biro, ba a yage shafi, ba a goge komai. In abu bai yi daidai ba a ja masa layi ɗaya a rubuta gyara a gefe. Kwanan wata a saman shafi, lambar samfuri, wa ya haɗa sinadari, yaushe, ƙarfe nawa aka sa, ƙarfe nawa aka cire. Ka rubuta a lokacin da kake yi, kada ka ce sai ka koma gida. Bayan awa biyu a cikin danfo ba wanda ke tuna ko maikirolita (ɗan ƙaramin ma'aunin ruwa) 2 ya zuba ko 5. Ranar da gwaji ya ƙi fitowa, Oga ba zai tambaye ka me kake tsammani ba, cewa zai yi "kawo littafinka", kuma a shafin nan ake gano inda matsalar ta shigo.

Bari in nuna maka aiki ɗaya kusa-kusa, don kusan kowane ɗalibin ɓangarenmu sai ya yi shi: gilashin maleriya. Ana ɗiga jini wuri biyu a kan gilashi. Ɗaya a juya shi da gefen wani gilashin ya zama da'ira mai kauri, amma ba kaurin da zai hana ka karanta rubutun jarida ta cikinsa ba. Ɗayan kuma a ja shi da sauri a tafi ɗaya ya zama siriri, ƙarshensa ya shanye. Siririn kaɗai ake tsoma wa metanol don ya kama. In metanol ya taɓa mai kaurin, jajayen ƙwayoyin jini ba za su fashe ba, ba kuma za ka ga komai ba. A nan damshin Legas yake shigowa. Jinin da zai bushe nan da nan a Sakkwato, a nan sai ka ba shi lokaci, in ka yi gaggawa ya wanke a cikin rini ya bar maka gilashi fari fat. Ka rufe shi yayin bushewa, don ƙuda da kiyashi suna cin jinin. Kwalbar metanol kuma a rufe ta da zarar an zuba, tana zuƙar laimar iska ta lalace. Rinin Giemsa ana haɗa shi sabo da ruwan da aka daidaita a pH 7.2: mai kashi 10 na minti 10 ne in ana sauri, mai kashi 3 na minti 45 zuwa 60, kuma shi ya fi fitar da abu tas.

Sai ka ɗiga mai, ka juya madubin duba ƙwayoyin cuta zuwa lamba 100. Kwanakin farko duk wani ɗigon datti zai yi maka kama da ƙwayar cuta. Abin da kake nema ɗan zobe ne shuɗi mai jan dutse a gefe, wato Plasmodium falciparum, wadda ita ce ta fi yawa a Najeriya. Ba a cewa babu sai an duba fili 100 a ƙalla. In akwai, kana ƙirga su tare da fararen ƙwayoyin jini har fararen su kai 200. A ce ka samu 150: ka ninka da 8,000, wato yawan fararen da ake ɗauka suna cikin maikirolita ɗaya ta jini, ka raba da 200, ya ba ka 6,000 a kowace maikirolita. In ƙwayoyin cutar ba su kai 100 ba, ka ci gaba har fararen su kai 500. Ka roƙi a ba ka tsofaffin gilasan da aka riga aka san sakamakonsu, ka karanta goma kullum ba tare da ka leƙa amsa ba, sannan ka gwada naka da na ma'aikaciya. Ba na jin akwai wata hanyar horar da ido da ta wuce wannan, kuma farin cikin ranar da ƙirgenka ya zo daidai da nata ba ƙarami ba ne.

Firiza kuma ka ɗauke ta amana. Akwai mai sanyin 20 ƙasa da sifiri, akwai mai 80, kuma abin da ke cikinsu wani lokaci aikin shekaru ne na mutane da yawa. Ka duba takardar da ke nuna wane kwali ne a wane layi kafin ka buɗe, ka ɗauka, ka rufe. Ba a tsayawa tunani ƙofa na buɗe. In an ɗauke wuta kada ka buɗe ta sam har janareta ya tashi, ka kuma rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da ta dawo. Kowane bututu ka rubuta masa lamba da kwanan wata kafin ka zuba komai a ciki, ka kuma kula, sifirit na goge tawadar da ka yi rubutun da ita.

Maganar kariya ba na wasa da ita. Ka fara allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ka zo. Uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, kwalin allurai ake jefa ta kai tsaye. In ta soke ka, ka wanke da sabulu a ƙarƙashin famfo, ka faɗa nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa, don haka jin nauyin Oga ba shi da muhalli a nan. Ba a taɓa waya da safar hannu. Ba ci, ba sha, ba cingam, ba goro. Farar riga a ƙofar ɗaki take tsayawa, ba ta zuwa masallaci ko wurin cin abinci. Ƙannena mata, ni ma da hijabi nake aiki, ba wanda ya taɓa hana ni: ki samu gajere na auduga, ki cusa shi cikin farar riga ki ɓalle maɓalli har wuya. Dogon nan mai santsi yana lilo a kan benci, yana sharar abin da ba ki gani ba, kuma yadin roba in ya kusanci wutar benci nan da nan yake kamawa. Ki bar babban a jaka, ki sa in za ki fita. Zobba da awarwaro ma a jaka, suna huda safa.

Salla ba ta taɓa zama matsala ga wanda ya faɗa tun ranar farko. Musulmi suna da yawa a cikin Yarabawa, kuma da wuya ka rasa masallaci a harabar babbar cibiya ko kusa da ita. Dabarar ita ce ka haɗa ta da lokutan jira, don aikin bincike cike yake da jira. Injin PCR, mai ninka ƙwayoyin halitta don a iya gano su, in ya tashi zai ɗauki wajen awa biyu. Ka tsara ya tashi gab da azahar, ka je ka yi salla, ka ci abinci, ka dawo kafin ya tsaya. Kada dai ka tsoma gilashi a rinin minti goma ka tafi alwala. Ranar Juma'a ka shaida wa mai kula da kai tun safe, ka kuma samu wanda zai riƙe maka abin da ke kan wuta, ka rama masa wata rana. Lokaci ya ɗan bambanta da na gida: a watan Yuni asuba a nan tana bayan ta Kano da kusan rabin awa, magariba kuma wajen ƙarfe bakwai.

Ka karya kumallo kafin ka shiga, ko da shayi ne da burodin Agege a wurin mai shayi, don tsayuwar benci da yunwa ita ke kawo rawar hannu. Da rana ka gwada abincin gari, wake mai yaji da suke kira ewa agoyin, ko amala da miyar ewedu, wadda lalo ce da ka sani. In kana shakkar nama, tambayi abokan aiki musulmi inda suke saye. Da dare in kewar gida ta taso, tuwo da masa da fura suna nan a Idi-Araba da Agege. Mai wurin girki ya je Mile 12 ranar Asabar, inda motocin tumatir da tattasai da albasa ke saukewa daga Arewa, ya yi cefanen mako ya soya miya. Alawus ɗin IT kuma kada ka gina lissafinka a kansa. Ɗan kaɗan ne, kuma yawanci sai bayan an kammala.

Ranar fita unguwa

Akwai abin da kake da shi wanda ɗakin bincike a Legas ke nema ido rufe: Hausa. Duk aikin da ya shafi zuwa Idi-Araba ko Agege ko Mile 12 ɗaukar bayani ko jini yana buƙatar mai magana da mutane da harshensu. Ka faɗa tun farko cewa kana so a tafi da kai. Amma ka san nauyin da ka ɗauka, don a ranar amanar mutanenka ce a bakinka.

Ana farawa da fadar Sarkin Hausawa ko mai unguwa da limami, sannan a shiga gidaje da sallama. Izininsu na buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin yardar mutumin da za a soka wa allura. Za ka zauna a gaban dattijuwa, ka gaishe ta, ka yi bayani, ta dube ka ta ce, "Ɗan nan, jinin nan ina za ku kai shi?" Kada ka yi dariya, kada ka ce "ba komai, Inna". Tambayarta na da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, wajen rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba su wani maganin, 11 suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a, kuma batun ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata yana tsakiyar rigimar. Mutanenmu ba su manta ba, yana ma cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Don haka ka amsa mata dalla-dalla: "Inna, ɗan kaɗan za a ɗiba, ga bututun. Za a kai ɗakinmu a duba ƙwayar zazzaɓin sauro. Ba za a rubuta sunanki a jiki ba, lamba za a sa. In ba ki so, ki ce ba ki so, ba abin da zai same ki, kuma ko kin yarda yau kina iya fasawa gobe." Abin da ke cikin takardar amincewa shi za ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Kada ka yi alkawarin magani ko kuɗi in ba ya cikin tsarin, ko da kana ganin shi ne zai sa ta miƙo hannu. Wadda ba ta karatun boko a karanta mata gaban shaida, ta dangwala yatsa. Yaro sai da yardar iyayensa. In matar aure ta ce sai maigida ya dawo, a jira shi ko a sake zuwa. In ta ce a'a, ka yi godiya ka tashi da fara'ar da ka shigo da ita.

Sannan ka iya bakinka. Unguwannin nan kowa ya san kowa, kuma wata rana sakamakon maƙwabcin gwaggonka zai biyo ta hannunka. Ba ka gani ba. Ba a ɗaukar hoton rajista ko na marasa lafiya a sa a WhatsApp, ko da an rufe fuska.

Bayanan da aka tattara a shigar da su kwamfuta a ranar, ko a Excel ko ta manhajar KoboToolbox in da ita ake aiki, da lamba a madadin suna, da salon rubuta kwanan wata iri ɗaya daga sama har ƙasa. In ka kai tsakiyar zamanka, ka je wurin mai kula da kai da 'yar tambaya taka ta kanka, ƙarama wadda za ta ƙare kafin ka tafi. Misali, a cikin samfuran da aka riga aka tattara, sau nawa gwajin gaggawa na maleriya ya saɓa da abin da madubi ya nuna? Irin wannan ita ke ba ka abin faɗa ranar kare rahoto a makaranta. Sai dai bayanan na aikin ne, ba naka ba. In kana so ka yi amfani da su a furojet ɗinka na aji huɗu, ka nemi izini a rubuce, don akwai kwamitin ɗa'ar bincike da ya amince da abin da za a yi da su.

Rahoton IT ka fara shi tun wata na biyu, shafi ɗaya ko biyu duk Lahadi, daga littafinka mai kauri. Malamin da makaranta za ta turo duba ka zai iya zuwa ba sanarwa, don haka logbuk ya kasance a cike yana jaka. Saura mako biyu ka tafi, ka kai Fom 8, wato fom ɗin ITF na ƙarshen zama, a cika a buga hatimi, don mai sa hannu zai iya yin tafiya a makon ƙarshe. A lokacin ne kuma za ka roƙi takardar shaida, tun ana ganin fuskarka kullum, ka kuma tambayi mai kula da kai ko za ka iya sa sunansa a matsayin mai tsaya maka in ka tashi neman digiri na biyu. Ranar ƙarshe ka zauna da wanda zai gaje ka a bencin, ku buɗe takardar firiza tare, ka nuna masa kowane kwali da ka taɓa, abin da aka gama da abin da ya rage, ka bar masa kwafin shafukan littafinka da suka shafi aikin da lambar wayarka.